Ƙafafun Baya

Kawuna, wanda unguwa ke kira Mai Ɓera, ya tsufa yana kiwon abin da kowa ke bi da sanda. A ɗakin binciken cututtuka yake aiki. Fararen ɓeraye ne cikin akwatunan roba, jere a kan kanta, shi ke sauya musu garin katako, ya cika musu kwalaben ruwa.

Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne ciwon da ake sa musu. A yi wa ɓera allurar ƙwayar cuta, ya yi kwanaki a takure, gashi a tashe, sai ya miƙe garau. Kawu ya ce alhamdulillahi. Bayan watanni kuma ƙafafun baya su fara ja. Don a gane da wuri, kullum yakan ɗora kowanne a kan siririyar sanda, ya zuba wa tafiyarsa ido.

Ya taɓa tambayar shugabar ɗakin, "Likita, ba ya warke ba?"

"Ya tashi, Baba, amma ƙwayar na ɓoye a lakarsa."

"To ya warke ke nan, ko bai warke ba?"

"Abin da muke nema ke nan."

Ya fito ya fi shigarsa ruɗewa.

Sai matarsa, Inna, ta yi zazzaɓin da har ta daina gane mutane. Aka sallamo ta daga asibiti, kowa na barka, ban da Kawu. Tsoro ya kama shi, bai faɗa wa kowa ba. Sai dai kullum da safe ya ƙirƙiro aike: miƙo buta, ɗauko hula, a'a mayar da ita. Tana ratsa tsakar gida, idonsa na kan dugaduganta. Ni har haushinsa na ji, na ɗauka mulki ne ya motsa.

Wata safiya Inna ta dire butar a gabansa.

"Malam, ni ba ɓeranka ba ce. Ƙafata lafiya lau. Amma ni ma ina da ido. Ta hagunka ce ke ja, tun bara."

Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafar, kamar ta aro ce. Likitar wurin aikinsa ta ce ƙwayar ɓerayen ba ta kama mutum, amma ya je asibiti. A asibiti aka ce a jira a gani.

Yanzu da safe shi ke ɗauko butar. Inna na zaune a bakin ƙofa, tana kallo.