Furfura a Kan 'Yar Tsana

Ƙungiyarmu ta masu ɗinka 'yan tsana ta samo asali ne daga zumuntar matan majami'armu a Kafanchan. Ran Alhamis da la'asar muke taruwa a ɗakin makarantar Lahadi, mu ture bencinan yara gefe, mu zazzage buhun ƙyallayen da muka roƙo wurin teloli. Kowa da aikinta. Wasu na yanka, wasu na cusa soson tsohuwar katifa, ni kuwa fuska nake yi, ido da baƙin zare, baki da ja. Abin da muka ɗinka, wasu mukan kai wa marayu lokacin Kirsimeti, wasu a baje su ranar godiyar kaka.

Da ulu muke yin gashi da farko, kuma bai taɓa yin kyau ba. Sai wata mai kitso ta shigo ƙungiyar. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne daga kudu maso gabas, amma a Kafanchan aka haife ta, a nan kuma ta binne mijinta. Da shagon kitsonta take ciyar da 'ya'yanta, kuma yawancinmu a wurinta muke kitso. Madam muke ce mata. Ita ta kawo gashin kanti. Takan kwashe kawunan 'yan tsanan ta tafi da su gida, ta dawo da su da shuku da kalaba ƙanana tsaf. Tun daga nan kayanmu suka yi farin jini. Aka riƙa aikowa daga Manchok, wata 'yar kasuwa ma ta ɗibi wasu ta kai Kagarko.

Wata Alhamis a ƙarshen damina Madam ba ta zo ba, tana kitson amarya. A cikinmu akwai matar wani dattijon ikilisiya, mutumiyar Fadan Kagoma, manomiyar citta, wadda ta daɗe tana fama da ciwon kai. Ta ɗauki 'yar tsana ɗaya ta matsa kusa da taga, ta jima tana juya ta.

"Wannan bebi ya tsufa," in ji ta.

Muka yi dariya.

"Ni ba na wasa. Ku zo ku gani. Yana da furfura."

Muka taru a kanta. A cikin dogon gashin nan mai sheƙi akwai wasu silalla gajeru, farare, a murɗe. Wata malamar firamare ta ce ai akwai gashin kanti mai ratsin fari. Shugabarmu ba ta yi musu da ita ba. Ta zare sili ɗaya daga dogon, ta ƙyasta ashana. Ya narke ya dunƙule, yana warin leda. Ta zare farin ta ƙona. Ya yi ƙauri irin na babbakar kan akuya.

A yadda muka taso, mace ba ta barin gashinta a mataji. Iyayenmu sukan dunƙule shi su jefa a murhu ko a masai, don kada ya faɗa hannun wanda zai yi wani abu da shi. Dukanmu masu bi ne, muna rera waƙa muna ba da shaida, amma ban san wadda ta daina wannan ba. A shagon kitso kaɗai mukan tashi mu bar shi a ƙasa, domin mun yarda za a share a ƙona.

"Wannan nawa ne," in ji matar dattijo. "Tun da Madam ya taɓa kaina ban yi barci mai kyau ba."

Ba ita kaɗai ke da furfura a cikinmu ba, amma babu wadda ta tuna mata.

A makon nan duk abin da Madam ta taɓa yi sai da aka sake auna shi. Me ya sa take tafiya da kawunan gida, ba ta yin aikin a gabanmu? Me ya sa da wata ta ce za ta taya ta, ta ce a bari? Wata ta tuna cewa Madam ta taɓa tambayarta ranar haihuwarta. Ni kaina na tsaya ina duba fuskokin da na ɗinka da hannuna, ina neman ko akwai mai kama da wata a cikinmu. Ran Asabar na wuce ta gaban shagon. Ranar ce da ba a samun wurin zama, amma na hango ta ita kaɗai a bakin ƙofa tana kallon titi. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata, ban tsaya ba. Ran Lahadi a sujada, bencin da take zama bai cika ba.

Wasu suka ce a kai wa fasto maganar. Shugaba ta ƙi. Ta ce in ta kai gaban dattawa ta zama ta gari, kuma shagon ya mutu ko da an wanke ta daga baya. A fara jin ta bakinta.

Alhamis ta zagayo. Aka jera 'yan tsanan duka a kan tebur. Madam ta shigo da jakar sababbin kawuna, ta ga ba a zazzage ƙyallaye ba, ta tsaya.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Zauna, 'yar'uwa," in ji shugaba. Ta miƙa mata 'yar tsanar. "Gashin wa ke nan?"

Madam ta duba, ta ɗan saki fuska. "Au, wannan? Naku ne mana."

Na ji wata a bayana ta kira sunan Yesu.

"Mama, da kuna zaton sabon gashi nake buɗewa saboda bebi?" in ji Madam. "Tsohon gashin kantin da na tsefe daga kanku shi nake tarawa. In wanke da ruwan zafi da sabulu, in shanya, in taje. Dole naku ya ɗan biyo shi. Ai ba ya fita duka."

"To wannan fa, na wace ce?" in ji shugaba.

"Ina zan sani? Duk a roba ɗaya nake wankewa."

Ta faɗi haka ne kamar mai bayanin yadda ake jiƙa acca. Da ta yi musu, da wataƙila mun san abin da za mu yi da ita. Yanzu kuwa kowace ta gane cewa ba matar dattijo kaɗai abin ya shafa ba.

Matar dattijo ta dafe kai da hannu biyu. "To kaina yana Kagarko ke nan? Ni ina nan ina ciwo, kaina yana yawo a mota?"

Malamar firamare ta fara dariya, ta mai da ita tari.

Sai a lokacin Madam ta fahimci abin da ake tuhumarta da shi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta fizge ɗankwalinta.

"Ga nawa. Nawa ma yana ciki, da na 'yata. Ni zan yi wa 'yata asiri?" Ta juya wajen matar dattijo. "Haba Mama, ni na wanke miki kai ranar bikin ɗanki. Ku kawo Littafi in dafa."

"Ba ma rantsuwa a nan," in ji shugaba.

"Ya san al'ada," in ji matar dattijo, ba tare da ta dubi Madam ba. "A nan aka haife shi. Ya sani, ya yi."

Madam ta ce ba ta taɓa ɗaukar tsohon gashin kanti a matsayin gashin mutum ba. Wasu suka yarda. Wasu suka ce mai kitso ta fi kowa sanin abin da ke biyo shi.

Matar dattijo ta so a kore ta. Shugaba ta yanke cewa za ta zauna, amma ba za ta ƙara taɓa kai ba, kuma maganar ta mutu a ɗakin. A ranar muka sa reza muka aske 'yan tsanan kaf. Madam ce ta fi kowa sauri. Muka tara gashin a bayan ɗaki muka cinna masa wuta, shugaba ta yi addu'a. Aka ɗaura wa kowace 'yar tsana ɗankwali. Waɗanda suka riga suka fita ba yadda za a yi da su, ko da yake wata ta shiga mota har Manchok ta karɓo biyu daga gidan ƙanwarta.

Maganar ba ta mutu a ɗakin ba. Kafin a fara tonon citta, mata da yawa sun koma kitso a wasu wurare, har da waɗanda ba su taɓa ganin 'yan tsananmu ba. Madam ta sallami yarinyar da ke taya ta. Ta sa tebur a gaban shagon tana sayar da man shafawa da sabulu.

Ana gab da Kirsimeti na je. Ba kowa sai ita. Ta yi mini barka da zuwa, ta tsefe, ta wanke, ta kitsa, hannunta bai canza ba. Hirar tsadar shinkafa kawai muka yi. Da ta gama sai ta zare abin da ke mataji, ta ɗauki tsintsiya ta share kewayen kujerata, ta haɗa da tsohon gashin kantin da ta cire mini, ta ƙulle a baƙar leda ta ɗora a cinyata. Ban roƙa ba. Na sa a jaka.

"Anti, duba ƙarƙashin kujera," in ji ta, "ko na bar wani."

Na sunkuya na duba.