Neman Firez Daga Mirriya Zuwa Droum

Da asuba muka tashi daga unguwarmu ta Kara-Kara a Zinder, ana sallame salla muka tada babur, ni da mijin ƙanwata. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da wata 'yar kula ta roba wadda ba komai a cikinta. Waɗanda suka gan mu a unguwa sun yi ta tambayata ina muka nufa da kula da sassafe haka, shi ya sa na ga gara in ba ku labarin gaba ɗaya. Firez muka tafi nema, 'ya'yan nan jajaye masu ɗigo-ɗigo a jiki da ake gani a hoton kwalin biskit. Ni dai kafin wannan tafiya ban taɓa riƙe ɗaya a hannuna ba.

Dalilin tafiyar ƙanena ne, Mutari. Ya daɗe a Aljeriya, yana aiki a wani shagon shayi na masu hali a bakin teku. Daga baya aka kwaso shi da sauran baƙi a kamiyo, babbar motar kaya, aka sauke su a bakin iyaka, ya iso mana da silifas da rigar jikinsa. Tun da ya dawo ba ya fita, ba ya hira, sai ya zauna a zaure yana kallon ƙasa. Inna ta yi rubutu, ta yi turare, ta yi kuka, duk bai canza ba. Muna kuma jin raɗe-raɗin cewa yana shirin komawa, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba kowa take mayarwa gida ba.

Wata rana da la'asar ina dafa shayi, sai ya ɗauki ganyen ya sansana, ya ce a can gasa shi suke yi har ya yi ja, su haɗa shi da madara da ƙanƙara da firez. Ya ce shi ne ya fi kowa iya haɗawa a shagon, har masu saye kan ce shi suke so ya yi musu. Tun dawowarsa ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba. Na ce, "To me zai hana ka kafa tebur a nan ka riƙa sayarwa?" Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yaya, ina za ka sami firez a Damagaram?" Na ce ya bar mini wannan. A raina na riga na gama lissafi: in na kawo, ya haɗa, mutane suka sha suka yaba, ya sami abin da zai riƙe shi a gida.

Hanyar Mirriya ba ta da wuya, kwalta ce, kuma da safe iska na da ɗan sanyi duk da bazara ta fara leƙowa. Muka bar duwatsun gari a baya, muka yi ta wuce amalanke da ƙananan motocin da aka cusa wa mutane da buhuna har a kan rufi. Gonaki sun yi fayau, sai kara da awaki. Mijin ƙanwata mutum ne mai son raha, ya ce in mun samu shi ma a ba shi ɗaya ya ɗanɗana, don in ya mutu kada a ce bai ci abincin Turawa ba. Na yi dariya.

Mun isa ranar kasuwa ce, an fara baza kaya. Muka zauna wurin wata mai ƙosai muka karya da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har mijin ƙanwata ya tambaye ta ko ba shi da lafiya ne. Ta ce wake ne ya yi tsada, mai ya fi shi, in ta yi manya ita ce za ta kwana da yunwa. Daga nan muka bi layin masu kayan garka. Ga rake, ga tumatir, ga albasa, ga salati har ya fara yaushi. Duk wanda na tambaya firez sai ya ce mene ne shi. Na nuna hoto a waya. Wani ya ce 'ya'yan itacen tsada ne, wani ya ce ai wannan barkono ne na ƙasar waje, wata tsohuwa kuwa ta ce in magani nake nema in faɗa mata ciwon, tana da sassaƙe.

Da ƙyar wani mai rake ya tura mu garkar wani dattijo a bayan gari, can wajen manyan kukoki. Muka same shi yana jan ruwa da guga, motopam ɗinsa, injin ban ruwa, na jingine a gefe an rufe shi da buhu. Ya san firez sarai. Ya ce shekarun baya wani poroje na tallafa wa manoma ya kawo musu iri, ya shuka, ya yi kyau, amma abu ne mai shan ruwa kamar jariri, yanzu kuwa rijiyar ta yi ƙasa, mai ya gagara saye. 'Ya'yansa maza da ke taya shi ban ruwa duk sun yi arewa, shi kaɗai ya rage da bayan da ke ciwo. Ya nuna mana fangalin da ya shuka a da, ƙasa ce kawai ta tsattsage. Ya ce ya ji ana cewa akwai wata mata a wajen Droum da ba ta bar nata ya mutu ba, sai dai bai tabbata ba.

Wanda ya san wuraren nan ya san daga Mirriya zuwa Droum sai ka dawo ta cikin gari. Muka ratsa Zinder rana ta fara zafi, muka wuce kusa da unguwarmu, amma na ce kada mu tsaya, don ba zan iya shiga gida da kula ba komai ba. Muka sha mai na kwalba a bakin hanya, mai sayarwar yana rantsuwa ba gauraye, babur ɗin kuma yana ƙaryata shi da tari har muka fita gari. Da muka bar hanya mai kyau muka shiga rairayi, sai tafiya ta koma turi. Mu hau, mu sauka, mu tura, mu sake hawa. Raha ta ƙare wa mijin ƙanwata, ni ma na daina magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙauyukan da muka ratsa. Mata ne a bakin rijiya, mata ne a kan amalanke, tsofaffi a gindin bishiya. Samari sai ɗai-ɗai. Inda duk muka tsaya tambayar hanya, in na ce ƙanena ne ya dawo daga Aljeriya, sai a ce mini barka, namu bai dawo ba, ko kuma a ce namu ma ya dawo ya sake tafiya. Suna faɗa ba tare da muryarsu ta canza ba, kamar labarin farashin hatsi.

Bayan azahar muka sami matar. Ba tsohuwa ba ce sosai, amma wahala ta tsufar da ita. Garkarta 'yar ƙarama ce a gefen wani kwari, ta kewaye ta da ƙaya. A wani lungu ta yi rumfar zana, ƙarƙashinta ga tsiron firez ɗin, ganyen ya fara ƙonewa ta gefe. Ta ce mijinta ne ya shuka kafin ya tafi arewa, tana ba shi ruwa ne kawai don kada ya dawo ya tarar ya mutu. Na tambaye ta yaushe rabon da ta ji daga gare shi, ta ce an kwana biyu, ta juya ta shiga tsinka. Lokacin firez ɗin ya wuce, abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba, ƙanana, wasu tsuntsu ya tsattsaga. Na miƙa mata abin da ya sawwaƙa ta ƙi karɓa, sai da mijin ƙanwata ya ce na goron yara ne. Ta kawo mana fura a ƙwarya muka sha, ta ce Allah ya sa abin da muke nema ya yi amfani.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Babu ƙanƙara a ko'ina da zan sa a kular, sai na jiƙa hulata na lulluɓe su. Duk ramin da babur ya faɗa ina jin su suna bugun juna. Da muka shigo gari gab da la'asar sakaliya na buɗe, rabi sun dame, ruwansu ya ɓata hular. Ga shi an ɗauke wuta tun safe a unguwa. Na bi gidajen masu firigo, wato firiji, har na sami wata maƙwabciya da ke da sauran ƙanƙara ɗaure a leda, ita ma ta fara narkewa.

Mutari ya dubi abin da na kawo. Sannan ya tashi ya wanke hannu har gwiwa, ya ce a hura gawayi. Ya ɗora busasshen kasko, ya zuba ganyen shayinmu na kullum, yana juyawa a hankali har kore ya koma ruwan ƙasa, gidan ya ɗauki ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Ya juye a butar shayi, ya zuba ruwan zafi kaɗan don ya yi kauri, ya tace, ya sa butar cikin ruwan randa ta huce. Ya zaɓi firez ɗin da suka tsira, ya murƙushe su da sukari a gindin kofin gilashi, ya fasa ƙanƙara a kai, ya dama madarar gari ya zuba. Daga ƙarshe ya kifa cokali ya tsiyaya shayin ta bayansa. Sai ga kofi hawa uku, ja a ƙasa, fari a tsakiya, ruwan ƙasa a sama. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallonsa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Kofi ɗaya kawai ya samu, muka zagaya da shi. Inna ta kurɓa ta ce da daɗi, ko da yake na ga tsamin ya kama ta. Mijin ƙanwata ya sha, ni ma na sha, kuma wallahi ban taɓa shan abu irinsa ba. Mutari ne ya sha a ƙarshe, lokacin ƙanƙarar ta gama narkewa, launukan sun gauraye. Na ce masa gobe sai mu nemi tebur. Ya ajiye kofin ya ce, "Yaya, ka wuni a hanya, ka kashe man babur, kofi ɗaya muka samu. Gobe kuma ina za ka je?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na gode. Allah ya bar zumunci." Ya ɗauki kaskon ya je ya wanke da kansa.

Bai yi mako ba ya tafi. Bai ɓoye ba, ya durƙusa gaban Inna ya nemi gafara, ta yafe masa tana kallon bango. Ni na raka shi tasha, na riƙe masa jaka har motar Agadas ta cika. Ya kira sau ɗaya da ya isa can, ya ce suna jiran mota. Daga nan layinsa bai ƙara shiga ba.

Abin da na koya a wannan tafiya ba mai daɗi ba ne. Na fita ina zaton ciwon gidanmu ne mu kaɗai, kuma in na yi ƙoƙari zan iya maganinsa. Na dawo na san cewa daga Mirriya har Droum kusan kowane gida akwai wanda ake jira, kuma masu jiran sun fi ni haƙuri ne kawai don sun riga ni farawa. Ƙanena yana da sana'a a hannunsa, na gani da idona, amma garinmu ba shi da ruwan da zai riƙe ta, ni kuma ba ni da abin da zan ba shi ya zauna. Kullum Inna na tambayata ko ya kira, kullum ina ce mata hanyar ba ta da layi. Wanda duk ya karanta wannan, in ya yi salla, ya sa Mutari a addu'a.