Akun Ya Yi Gashi, Baƙuwa Ba Ta Tofo Ba

Baba Mai Tiyo ake ce masa a otal ɗin, don ba a ganinsa sai da tiyon ban-ruwa a kafaɗa. A lambun nan ya yi furfura. Abu biyu mai otal ya ba shi amana: wani aku da aka kawo daga kurmi, da wata doguwar bishiya 'yar ƙasashen sanyi, mai tsinin kai, ganyenta kamar allurai. Ko sunanta bai iya faɗa ba, sai ya sa mata Baƙuwa. Kullum da safe sai ya gaishe ta, har akun ya haddace gaisuwar.

Yakan ce dukansu baƙi ne, amma akun in zafi ya dame shi sai kowa ya ji, har mai gadi ya sha zagi. Ita kuwa ko mutuwa take yi ba ta cewa uffan. Matarsa takan yi masa tsiya, wai ya fi sanin ƙishin itace a kan nata.

Ranar da manaja ya ce rassan Baƙuwa sun tare allon otal, a rage su, a kuma datse wa akun fiffike, Baba bai yi musu ba. Wa ya isa? Ya hau tsani ya yi mata aski irin na darbejiya, ya sassare rassan, ya fille kan. Duk itacen da ya sani, in an sare shi, ruwa na sauka zai tofo. Ashe irin wannan ba ta sake fid da ganye a tsohon reshe, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa.

Damina ta zo ta wuce. Akun ya yi sabon gashi. Baƙuwa na tsaye kamar turken lantarki, ƙaro na tsiyaya daga saran. Ya zuba taki, ya ƙara ruwa, yana kankare ɓawo da farce ko zai ga kore.

Da mai otal ya gani, manaja ya rantse shi ragewa kawai ya ce. Aka bar tsoho da laifi, shi kaɗai.

"Baba, sare ta ka share wurin, sannan ka kai tiyon sito, aikinka a nan ya ƙare," in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, a bar ta ta ga wata damina."

Manaja ko waiwaye bai yi ba.

Baba ya ɗauko gatari, ya tsaya a gindinta. Daga keji, da muryar Baba sak, akun ya ce, "Sannu, Baƙuwa."