Awa goma sha ɗaya a littafin Baba Sambo

Fensir ne na fara lura da shi, ɗaure da zare a hannun firjin, ya gajarce bai kai ɗan yatsa ba. Da shi Baba Sambo, dattijon da ke kula da firjin, yake rubuta sanyinsa a littafi sau huɗu a yini: bayan asuba, azahar, la'asar da magariba. Shekara tara ke nan yana yi, a ƙaramin ɗakin bincike na ƙauyenmu, kusa da garin Rusairis a Sudan. A cikin firjin akwai jinin mutum ɗari huɗu, wanda Daktora Widad ta tara domin binciken rigakafin kalazar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa. Ni ɗalibarta ce, kuma digirina na biyu a kan jinin nan ya dogara.

Na daɗe ban san yadda zan rubuta wannan jinjinar ba, domin ina cikin waɗanda suka yi fushi da shi.

A daminar bara wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Direban motar Rusairis ya ba ni labarin yadda tsohon ya dawo da ƙanƙara buhu biyu a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a ɗora ta a saman mota cikin rana. Duk da haka firjin ya yi awa goma sha ɗaya da ɗumi. Baba Sambo ya rubuta hakan, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

A lokacin Daktora tana rubuta takardar neman tallafi daga wata gidauniya, kuma jinin nan shi ne hujjarta. Abdussalami, ma'aikacin ɗakin gwaji, ya ce a sake kwafe shafin kawai a sauya lambobin, ba wanda zai taso daga Turai ya duba littafin tsoho. Ni ma a raina na goyi bayansa. Baba Sambo ya rufe littafin ya ce, "Allurar da za a yi da wannan jinin, jikokina za a yi wa. In ƙarya ta shiga, wa zai fitar da ita?"

Aka zubar da kwalabe ɗari da arba'in da ɗumin ya lalata. Aikina na shekara guda yana ciki.

Abin da ya biyo baya ne ya rikita ni. Ba wanda ya aike shi, amma ya bi gida gida yana gaya wa mutane cewa jininsu ya lalace a hannunsa. Inna Sakinatu ta tambaye shi ina allurar da ake ta alkawari tun jikarta tana goye. Ya ce bai sani ba, wataƙila ma ba zai gan ta ba. Ta yi masa tsiya son ranta, ta ce shi da firjinsa duk tsufa ya cinye su, sannan ta miƙo hannu a sake ɗiba. Mutum casa'in suka yi haka. Sauran suka ƙi, kuma ban ga laifinsu ba.

Baba, kai ne ka ɓata mini shekara, kai ne kuma ka sa zan iya sa hannu a ƙarƙashin abin da na rubuta. Har yau ban iya raba biyun ba. Na gode, mai tsaron amana. Mu da muka yi jami'a, mu koyi rubuta lambar da muka gani, ko da za ta ja mana asara.

Ranar Alhamis aka yi masa walimar ajiye aiki a ƙarƙashin dalbejiya. Daktora ta karanta amsar gidauniyar: babu tallafi bana, samfurin jinin ya yi kaɗan, a sake nema baɗi. A ƙarshen wasiƙar sun roƙi a aika musu hoton littafin, su nuna wa wasu cibiyoyi yadda ake yi. Wasu suka fara tafi, suka ga wasu ba su yi ba, suka daina. Abdussalami ya tambaya ko wannan nasara ce.

Ana cikin zuba shayi, Baba Sambo ya ajiye mabuɗin ɗakin a kan tabarma kusa da ni, ya nemi takalmansa, ya bi ta bayan masallaci.