Buhun Gwaggo da Dabarar Shiga Mota ta Baya

Kalley

Na fito daga gida ana kiran assalatu, da littafin manga a aljihu da girman kai a zuciya. Masu karanta shafina na intanet, ku yafe mini. Makon jiya na rubuta muku cewa na gano sirrin shiga mota a Yamai, har wasu suka yi godiya. Ga yadda ta kasance ranar da na gwada da kaina.

Matata Hadiza ta kwana shida da haihuwa, washegari suna. Bana damina ta ƙi, hatsi ya yi wuya. Gwaggo Ramatu, ƙanwar mahaifina mai noman shinkafa a Saga, ta aiko cewa ta ajiye mana buhu guda. Amma in zo kafin azahar, domin mutanen ƙauye da fari ya koro sun cika ƙofar gidanta, ita kuwa ba ta iya kallon mai yunwa alhali da buhu a ɗaki.

Ina sa takalmi Hadiza ta ce, "Malam, ka tsaya wannan gefen titi, ka ce wa mai tasi Saga. Kada ka ƙara komai."

Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma rabin yinina a siber, shagon intanet, yake ƙarewa. Can na saba da manga, littattafan zanen nan na Jafan da ake buɗewa daga baya kamar Ajami. Na taɓa rubuta cewa mutanen Jafan wurin malamanmu suka koya. Daga nan na ce ai birni ma daga baya ake karanta shi. Faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya, mai zuwa inda za ka kullum cike take. To ka tsallaka titi, ka shiga mai zuwa wani wuri, ka zauna har ta juyo, sai ga ka a kujerar gaba.

Na tsallaka. Na samu mota wayam mai zuwa Harobanda, hayin kogi. Na miƙe ƙafafu ina tausayin masu tsayuwa a ɗaya gefen.

Gaweye

Tun da sojoji suka karɓi mulki ake tsayar da motoci a bakin gada, nan unguwar Gaweye. Ina zaro katin shaida littafin ya faɗo. Wani kaporal mai gashin baki ya ɗauka. Sai na ga ya buɗe shi daga baya, daidai yadda ake yi.

"Kai ma kana bin wannan?"

"Ina bi, Shef."

"Tsohon nan mai sayar da taliya, da ke fitowa duk sanda aka kusa kashe jarumin, wane ne a ganinka?"

"Jarumin ne da kansa, Shef. Ya tsufa, ya dawo baya don ya ceci kansa."

"Mai taliya mai taliya ne. Kasuwa yake bi."

Abin da ya kamata in ce shi ne, haka ne, Shef. Maimakon haka na sauko daga mota na nuna masa tabon da ke kunnen su biyun. Ya ce tawada ce ta ɗiga. Direba ya yi ham har ya gaji, ya tafi. Aka ba ni benci da shayi, sojoji suka rabu biyu, ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Kaporal ya ce zai riƙe littafin don bincike.

Daga nan tasi ɗaya za ta kai ni Saga. Amma na ce ai ba a gwada dabarata ba tukuna, na sake shiga mai zuwa Harobanda.

Harobanda

Kan gada muka tarar da garken shanu, duk haƙarƙari a waje, ana kora su kasuwa. Muka bi su a hankali. Kogi ya janye, yashi ya fito tsakiyarsa.

A tasha kowa ya sauka, ni na koma kujerar gaba. Direba ya kashe mota, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

"Direba, yaushe za mu juya?"

"In ta cika."

"Yaushe take cika?"

"In mutane sun zo. Kai wa ya kawo ka?"

Na ci dambu da zogale wurin wata Bazabarma, na ci gaba da gadin kujerata. Da mota ta cika ta juya, abin da ban lissafa ba ya bayyana: inda ta fito take komawa. Ta bi da ni ta ƙofar gidanmu a Kalley. Surukata na tsaye tana wanke tukwanen suna. Na sunkuya kamar mai neman takalmi, har direba ya tambaye ni ko cikina ne.

Saga

A bakin Babbar Kasuwa na tsaya gefen da aka ce in tsaya. Na ce Saga, tasi ta farko ta yi ham alamar can za ta, na shiga. Wajen Gamkalle muka yi kiciɓis da amalanken jaki, ɗauke da buhu mai facin shuɗin yadi. Na ce wa na kusa da ni wani ya saci salon ɗinkina. Na ƙara masa da cewa a shafina jaki ne na ƙarshe cikin abubuwan hawa na birni.

Na isa ana sallame la'asar. Tun daga lungu na ji ƙamshin shinkafa. Babbar tukunya a tsakar gida, mata da yara zaune suna ci. Na ce shi ke nan, buhunmu ya shiga tukunya. Na durƙusa na gaida Gwaggo.

"Ɗan nan, daga Jafan kake?"

"Gwaggo, na yi laifi. Gobe me zan ba mutane?"

Ta bar ni durƙushe sai da ta gama zuba wa wata tsohuwa miya.

"Surukarka na shara da asuba, ta ga ka tsallaka titi. Hadiza ta buga mini waya. Na jira ka har rana ta take, na ɗora wa maƙwabcina Hima buhun a amalanke. Buhun da ka yi mini faci ne, ba ku haɗu a hanya ba?"

Na ce ban lura ba. Wannan ma ƙarya ce, Allah ya yafe mini.

"Amma ba cike ya tafi ba. Na ɗebi na baƙin nan. In bai isa gobe ba, kai za ka tashi ka yi wa mutane bayani, tunda ka iya."

Gida

Na shigo Kalley da magariba. Buhu na jingine a zaure, jakin ya ci, ya huta, ya koma. Hadiza na shayar da yaro, ba ta ɗago kai ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ta wane gefe ka dawo?"

An yi suna, shinkafa ta isa da ƙyar, ni ƙanzo na samu. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo da Hadiza da idon surukata, na gode wa Malam Hima da jakinsa, wanda na mayar na farko. Dabarar shiga mota na janye ta, kowa ya tsaya gefensa. Amma duk wanda ya bi ta gada ya gaya wa Shef ya sake duban kunnen mai taliya.