Minsharin Mutumin Kazage

Ni dai tun ina yaro ba na shiri da ruwa. In ya wuce na randa da na buta, to mu gaisa daga nesa. Shi ya sa ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji yana washe baki, ya ce za a kai mu madatsar ruwan da ke bakin daji, gabana ya faɗi. Wai an kawo masu nutso daga Kaduna suna gyaran bututun ƙarƙashin madatsar, kuma sun yarda su nuna wa 'yan aji biyar yadda ake numfashi a cikin ruwa. Na ce a raina, wanda ya yi mu da hanci ai ya san inda ya ajiye mu.

Wanda ya fi kowa murna shi ne abokina, mutumin Kazage, ɗan manoman doya. Shi ke kwana a gadon sama, ni a na ƙasa, kuma Allah ya hore masa minshari kamar injin niƙa. Kullum sai na tokari katifarsa da ƙafa ina tsine masa, da safe ya rantse shi bai taɓa minshari ba. A bakin rafi ya tashi. A garinsu, in ji shi, yaro kan cika ƙirji da iska, ya datse baki, ya nutse ya kamo tarwaɗa da hannu. Ko ɗigon kumfa ba a saki, don kumfa na korar kifi, kuma manyan yara na tsaye a gaɓa, wanda duk aka ga kumfarsa ya shiga uku da tsiya. In zai fito sai ya durƙusa a ƙasan rafin, ya doka ƙafa ya yo sama da gudu. Ya sha gwada mana wannan durƙuson a tsakar ɗakin kwana.

Shugaban masu nutson wani gajeren mutum ne mai jajayen idanu, Oga kawai muke ce masa. Ya fara da mu a gefe, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da gilashin fuska da wata lanƙwasasshiyar roba kamar mariƙin lema, wadda za ka kifa fuska a ruwa kana shan iska ta cikinta. Ni a nan ma na sha ruwa na ƙoshi. Daga baya aka fito da tukwanen iska na goyo, masu tiyo da robar sa wa a baki.

Oga ya ɗaure fuska, ya ce doka ɗaya ce tak. «Kada wanda ya riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a ƙasa, in ka taso sai ta kumbura. In bakinka a rufe yake, huhunka za ta fasa. Ina so in riƙa ganin kumfar kowa.»

Ni da tsoro ya cika, kowace kalma sai da na haɗiye ta. Abokina kuwa yana can yana gwada takalman roba masu faɗi, yana tafiyar agwagwa ana dariya. Na zungure shi na ce, «Kai, ka ji abin da ya ce?»

«Ɗan birni,» in ji shi, «ni za a koya wa ruwa?»

Bibbiyu ake shiga tare da Oga, ana bin wata igiya da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Ban ɗaga hannu ba, abokina ne ya ɗaga mini. Malam ya rubuta mu, ni kuma kunya ta hana ni gudu.

Ƙarƙashin ruwan nan kore ne mai duhu-duhu, ga sanyi. Ba na jin komai sai gurnanin numfashina, kumfa na tashi ta gefen kunnuwana kamar tukunya na tafasa. Na ƙanƙame igiya har yatsuna suka sage. Da muka taka ƙasa, zurfin bai fi tsayin mutum biyu ba, amma wallahi ji na yi an binne ni. Ruwa ya fara shigar mini gilashi, na ruɗe, Oga ya juyo gaba ɗaya yana gyara mini. Hankalinsa duk yana kan matsoraci, ya ba gwani baya.

Ta saman kafaɗar Oga na hango abokina. Ya saki igiya, ya matsa wajen wani ruɓaɓɓen kututture, yana lallaɓawa da hannu a miƙe. Kifi ya gani. Na ga ƙirjinsa ya cika ya tsaya. Na dubi saman kansa ina jiran kumfa, babu. Ruwan wajen lum, kamar ba mai rai a ciki. Ya kai cafka, kifin ya sulale, sai na ga ya lanƙwasa gwiwoyi ya durƙusa.

Na san durƙuson nan. Na buɗe baki zan yi ihu, robar ta kusa suɓucewa. Ba yadda za a yi in gaya wa Oga, ba yadda za a yi in kira abokina. Igiyar nan ita kaɗai na yarda da ita a duniya a lokacin, na sake ta, na faɗa kansa. Daidai ya doka ƙafa na cafki ƙwaurinsa da hannu biyu. Ya ja ni sama, ya shure ni a haƙarƙari, ban saki ba. Sai ga Oga ya damƙe masa ɗamara, ya danna masa hannu a ciki da ƙarfi. Kumfa ta ɓarke daga bakinsa, mai yawa, har ta rufe mini fuska.

A hankali Oga ya fito da mu. Abokina ya zauna a gaɓa yana tari, yana cewa saura kaɗan ya kamo shi, wane ɗan iska ne ya riƙe masa ƙafa. Ba wanda ya yi dariya. Oga ya kasa kunne a ƙirjinsa ya daɗe. Ya ce an gama na yau. Ya gaya wa malam, ni ma ina tsaye, cewa wani lokaci abin ba ya nunawa nan take. In yaron ya ce ƙirji na ciwo, ko aka ga jini a yawunsa, ko ya yi wani irin shiru, a wuce da shi asibiti kai tsaye. Sannan ya dube ni ya ce, «Kai ne abokinsa? Kada ka ɗauke ido daga kansa.»

Bayan la'asar muka kamo hanya. Duk wanda ya san hanyar dajin nan ya san yadda mota kan yi tsit, kowa na kallon bishiyoyi yana addu'a a zuci. Ni ranar ko bishiya ɗaya ban gani ba, ƙirjin abokina nake kallo. Na tambaye shi ko yana jin ciwo har ya gaji ya ce in ƙyale shi. Can sai kansa ya langaɓe a kafaɗata, ido a rufe.

Shiru. Mutumin da bai taɓa barci shiru ba tun da na san shi. Motar na girgiza, na kasa gane ko ƙirjin na motsi ko gargada ce. Na kai yatsa hancinsa, iskar taga ta hana ni jin komai. Na tuna mahaifiyarsa, wadda kan ƙullo mini gyaɗa tawa daban duk ranar ziyara, na rasa da wane baki zan gaya mata. Na so in kira malam, murya ta ƙi fita. Tsoron da na ji a ƙasan ruwa wasa ne a kan wannan.

Sai na ji wani ɗan gurnani a maƙogwaronsa. Ya ja, ya saki, ya sake ja da ƙarfi, injin niƙa ya tashi sosai har direba ya waiwayo. Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Wani daga kujerar gaba ya juyo ya ce, «Don Allah ku tashi mutumin nan, ya cika mana kunne.»

Na ce, «Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne.»