Mai Rina Kujera a Anloga

Ina kasuwar katako ta Anloga matar aminina Senyo ta bugo waya, ta ce ya rasu. Na zauna kan wani gungume, na kasa tashi.

A gabana wani dattijo ne da ban sani ba, yana rina farar kujera da tsumma, faratansa sun yi baƙi ƙirin. Abokinsa na gefe yana cin gasasshiyar ayaba, yana tsokanarsa.

"Efo, rini mai mai ka sa fa. Shafa banish na ruwa a kai don sheƙi, ka ga yadda zai ɓare."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Kai da teburin surukarka har yau yake danƙo?"

Ko kai dattijon bai ɗago ba. Da gani sun daɗe suna wannan faɗan, kuma gobe ma za su yi. Na ji kishin dattijon, don shi abokinsa yana nan da rai.

Jiya Senyo ya rina mini gadon auren 'yata da haɗin da shi kaɗai ya sani. Na ce, "Me zan shafa a kai?"

Ya ce, "Ka cika gaggawa, Kwami. Bari ya bushe, gobe na gaya maka."